Dakalin Yaya Aisata

Kumandan bature ya tafi, an sauke tutarsu an ɗaga wata a bakin biro, ofishin gwamnati. An buɗe lakwal, makarantar boko, a hanyar Roumbou. Baba ya rasu, an sayar da raƙuminsa. Waɗannan duk Amani ya ji su tun yana Abijan yana aikin maso, wato gini. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne Yaya Aisata ta dawo gida Dakoro.

Ita ce babbar 'yar Inna Hanatu, an kai ta aure Korahane tun Amani na goye, don haka bai wani san ta ba. Yanzu mijin ya mutu, ta dawo ta karɓi girkin gidan. Ranar da Amani ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, kowa ya fito tarya, ita kuwa ta ja mayafi ta shige madafa.

Amani bai zo hannu banza ba. Ya zo da buhunan siminti da akwatin karo fari, tayil irin wanda yake shimfiɗa wa turawa a ɗakunan girkinsu. Ya yi wa kansa alkawari: in ya gyara wa Inna madafa yadda ya gani a can, zai zauna Dakoro ya kama sana'a, ya daina yawo. Sabuwar gwamnati za ta buƙaci magina. Madafar Inna ita ce za ta zama abin nuni.

Abin da ya rage kawai a fasa tsohon dakalin laka da ke jikin bango, inda ake jera tukwane. Ya tsattsage, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Aikin safiya ɗaya ne.

Ya kwashe tukwane ya je aron diga. Da ya dawo, tukwanen sun koma mazauninsu.

Ya sake kwashewa. Yaya Aisata ta shigo da faifai, ta hau dakalin ta zauna tana tsince wake, ta ba shi baya.

"Yaya, ki ɗan tashi in yi aiki."

Ba ta waiwayo ba. Ta leƙa tsakar gida ta ce, "Inna, ku ce ma wancan rana ta yi, ga furarshi can."

Wancan. Tun da ya dawo sunansa ke nan a bakinta. Ba ta amsa gaisuwarsa sai da kai, in ya shiga wuri ta fita. Amma kullum akushinsa ya fi na kowa nama, kuma rigar da ya yaga a kamyo ya tarar an ɗinke ta ba tare da ya roƙi kowa ba. Ya ɗauka aikin Inna ne.

Ya kai ƙara wurin Inna. Tsohuwar ta ce ya yi haƙuri, ya shimfiɗa karonsa a ɗaya bangon. Ya yi mata bayani cewa can ne ƙofa, ba a gina teburin girki a bakin ƙofa. Ta ce to Allah shi kyauta, ta ci gaba da kaɗinta.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Raɓa ta fara taɓa simintin, buhu ɗaya ya daskare. Abokansa na ƙuruciya suna tsokanarsa a tasha: "Maso na Abijan, laka ta gagare ka?"

Ranar kasuwa Yaya Aisata ta tafi rijiya. Amani ya ɗauki diga.

Lakar ta fi yadda ya zata tauri, an cuɗa ta da ciyawa an daddale ta kamar ginin rumbu. Ya sara, ya ɓamɓare, gumi na shiga idonsa. Ya ci rabi, ya nufi kusurwar gabas, sai ya ji tulu ya fashe a bayansa.

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa cikin ɓaraguzan ta rufe kusurwar da hannuwanta biyu, daidai inda bakin digar zai sauka. Hawaye na zuba, amma ko yanzu ba shi take kallo ba.

"Inna! Ku ce ma wancan ya tsaya nan."

Amani ya jefar da digar. "Ina da suna! Ko karen gidan ga ana kiran shi da suna!"

Ya shige ɗaki ya jawo balis, akwatin tafiyarsa. Kamyon Maraɗi zai tashi bayan la'asar, daga can ko Yamai ko Abijan, duk ɗaya ne. Siminti kuwa su yi miya da shi.

Yana cusa riguna Inna ta shigo ta zauna bakin gado.

"Madafar can a da ɗakin kwana ce," in ji ta. "Nan aka haife ka. Cibiyarka na ƙarƙashin kusurwar ga da kake shirin sara. Aisata ta gina dakalin da hannunta kafin a kai ta Korahane, don kada ƙafar kowa ta taka wurin."

Amani ya danne murfin balis da gwiwa yana ɗaure igiya. "To ina ruwanta da cibiyata? Matar da ko sunana ba ta iya faɗi?"

Inna ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ni na ɗauka ka sani tun kana yaro," ta ce. "A ƙasar ga, wace mace ka taɓa ji ta kama sunan ɗanta na fari?"