Facin da Likita Ya Kasa Ganowa

"Kansar a gefe ɗaya take, Baba," in ji likita, yana nuna ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara a hoton asibiti. "In mun cire shi duka, an fi samun kwanciyar hankali, amma fitsari zai iya riƙa zubo maka. In mun ƙone wurin kawai, tana iya dawowa."

Tsohon ya tuna alwalarsa. Shekara arba'in yana cike ɓular mayafan ulu a birnin Srinagar, bai taɓa cewa a yar da ko ɗaya ba.

"Cire duka, ɗana," matar tsohon ta ce wa likita. "Shi komai faci."

Tsohon ya kamo gefen mayafinta na aure, ya miƙa wa likita. "Nemo mini facin."

Likita ya jujjuya, ya kasa.

"Goma sha ɗaya ne," in ji tsohon.

"Saboda duk shekara kana ɗaga shi a rana kana neman ɓarnar asu, malam sarkin faci!" Ta shafa mayafin, muryarta ta yi ƙasa. "A yi masa facin, likita. Duk wata shida ni zan kawo shi, ka ɗaga min shi a rana."