Ranar da Baba ya riƙe hannun malaminmu

Baba tsohon ɗan kokawa ne, kuma bai yarda da aikido ba, wasan kare kai da wani ɗan Japan yake koya mana a wani sito a unguwar Balad. Da ya ga kafaɗata ta kumbura, sai ya biyo ni da la'asar, ransa a ɓace.

Baba ya hau malamin da faɗa, amma shi bai yi gardama ba. Ya miƙa masa hannu ya ce, "Riƙe ni."

Har yau ina jin warin gumin tabarmar nan. Na rasa wanda zan yi wa addu'a, Baba ko malamin.

Baba ya damƙe shi. Kafin in ƙifta ido, sai ga Baba kwance.

Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce da ni, "Riƙe mini hulata. Yalla, maza a sake."