Jan Kofin Ummi

Wata la'asar Baba ya dawo daga kasuwar Gaya da jan kofin roba, ya miƙa wa ƙanwata Ummi. Ni kuwa ya dafa kaina ya ce, "Kai babba ne, ƙoƙonka ya ishe ka."

Inna ta zuba mata kunu a ciki, tana sha tana yi mini gwalo. Kafin magariba na sace kofin, na binne shi a gonarmu.

Bana ina huɗa garma ta tono shi, yana marmashewa cikin ƙasar da muke shuka gero. Ƙoƙona ya daɗe da zama ƙasa. Kofin dai ya ƙi ruɓewa, kishin nan nawa ma haka.