Labule a Shagon Fiza

Tunda ka ce garin jami'a za ka kai jarinka, zauna in ba ka misalin wata mata da har yau nake jinjina mata. Ta daɗe tana aikin girki a wani otal a babban birni, a can ta ƙware a gashin fiza, wannan faffaɗan burodin da ake shafa wa tumatir a barbaɗa cuku da nama. Da ta ga hannunta ya faɗa, sai ta sayar da gonar da ta gada, ta sayi tanda, ta kama shago a bakin ƙofar wata jami'a. Ta sa aka yi wa gaban shagon gilashi daga sama har ƙasa, don mai wucewa ya hango abin da ake ci yawunsa ya tsinke. Ta raba takardun talla, ta bar ɗalibai suna ɗaukar hoto suna yaɗawa a waya. Ai kuwa sai ga su, masu saye da 'yan rakiya, a taru a kan faranti ɗaya, cin kaɗan hoton da yawa. Ana cikin haka malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ka kuwa san halin abin, ranar tafiya aka sani, ranar dawowa sai Allah. Ɗalibai suka tattara komatsansu, titi ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Mai gyaran waya ya rufe, mai buga takardu ya bi shi. Cukunta ya fara lalacewa, 'yan uwa suna ta aiko mata cewa ta sayar da tandar ta dawo gida tun da sauran mutunci. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, don ta san in tandar ta tafi, gonar ubanta ta tafi a banza ke nan.

Ba ta sayar ba. Ta ja kujera ta zauna tana kallon titi, sai ta lura ashe garin bai mutu ba, baƙi ne kawai suka tafi. Kullum da yamma ga teloli, ga masu babur, ga 'yan kasuwa suna tsayawa wajen wani mai tsire da ke tsallaken titi, tukubarsa ba ta daina hayaƙi ba. Wani magidancin ma yakan rage tafiya a ƙofarta, ya shaƙi ƙamshi, ya saci kallo, ya ƙara sauri. Nan ne fa ta burge ni. Duk da gogewarta ta birni, ta ajiye girman kai ta tsallaka, ta gaida mai tsire da kyau, ta tambaye shi me ke korar mata mutane. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ƙamshin nan ya daɗe da kama su. Amma wane magidanci ne zai zauna cikin gilashi yana tauna, surukinsa na wucewa?" Ashe gilashin da ya jawo mata ɗalibai shi ne ya tsare mata 'yan gari.

Washegari ta rataya labule mai kauri. Ta nemi mai tsire ya riƙa sayar mata da nama da garin ƙuli, ta gasa fiza da su, ta yayyanka ƙanana, ta naɗe a takarda ta ajiye a teburinsa. Shi kuma da ya ga namansa ya samu sabuwar kasuwa, duk wanda ya zo sai ya miƙa masa yanka ɗaya ya ce ya ɗanɗana gurasar maƙwabciyarsa. Mutum ba ya musun abin da ya fito daga hannun da ya saba ci. Aka fara kaiwa gida, matan gida suka ɗanɗana suka ce a ƙaro, har masu suna da walima suka fara aiko a gasa musu. Dattawan da a da ko kallon ƙofar ba sa yi suka koma shiga bayan labule suna ci hankali kwance.

Da aka janye yajin aiki ɗalibai suka dawo, yawancin shagunan layin sun zama na wasu, ita kuwa tandarta ko yini ɗaya ba ta huce ba. Ta zuge rabin labulen don masu hoto, ta bar rabin don masu kunya. To kai ma in ka je, kafin ka buga allon talla ka tsallaka titi ka gaida wanda ka tarar, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da ɗan gari akan ci gari.