Kumfar Dutsen Basirka

"Wannan ai yashi ne, Malam Manu," in ji Badaru, jami'in ma'adinai da aka turo daga Kano. Ya murza garin da ke cikin buhun, ya karkaɗe hannunsa.

Farin shekarar saba'in da uku ya cinye wa Manu garke. Saniyar da ta rage ya sayar, ya sayo maganin kumfa don tace jan dutsen bayan Basirka. An ce idan aka samu tamar ƙarfe mai kyau, kamfani zai zo, kowa ya samu aiki.

Duk damina shi da matarsa Hajjo suna dakan dutse. Su jiƙa garin a ganga da gasara da maganin, shi yana hura iska da zugazugi, ita tana kwashe kumfar da ludayi ta shanya. Yanzu maganin ya ƙare tas.

"Ranka ya daɗe, ba komai a dutsen ke nan?" in ji Manu.

"Akwai mana. A wannan aikin yashi ne ke bin kumfa ya taso, ƙarfen ya kwanta. Ina abin da ya zauna a gindin gangar?"

Manu ya dubi Hajjo. Su da suka tashi ana kaɗa nono, abin da ya taso sama shi ne mai.

"Laka ce fa," ta ce a hankali. "Kullum a rafi muke zubarwa."

Rafin kuwa tun watan jiya ya yi ambaliya ya wuce da lakar.