Tsinke a Cikin Kek

Auta ba ta taɓa yin bikin ranar haihuwa ba. Aikinta a shagon ɗinki shi ne jera ƙananan duwatsu a wuyan riguna, ɗaya bayan ɗaya, da allura siririya kamar gashi. Tana zama kusa da taga saboda haske, sai ta wuni ba a ji bakinta ba.

Ranar da ta cika shekara ashirin, abokan aikinta suka haɗa baki suka sayo kek mai hawa uku. Doguwa mai guga ce uwar gayya.

"Taso, sarauniyar shiru-shiru! Yau sai mun ga haƙoranki."

"Don Allah ku rufa min asiri, aiki ne a gabana," in ji Auta tana rufe fuska da mayafi.

"Aikin zai gudu ne? Ku kamo min ita!"

Aka share teburin yanka, aka kunna kyandir. Suna waƙa suna tafi, kowa ya ɗaga waya. Auta ta ji daɗi har cikin ranta, ta sunkuya za ta hure wutar.

Doguwa ta sha ganin wani wasa a waya, inda ake danna fuskar mai biki cikin kek a yi ta dariya. Ta ƙyafta wa masu ɗaukar bidiyo ido, ta zagaya ta baya, ta danna kan Auta da hannu biyu.

Cikinsu babu wadda ta san masu yin dogon kek suna soka tsinken katako a tsakiya don kada ya rushe.

Auta ta ƙwalla ƙara. Su kuwa dariya suke, sun ɗauka shagwaɓa ce. Sai da ta ɗago, suka ga jini yana bin farin kirim, sannan suka yi kanta a guje.

A asibiti likita ya ja yayanta gefe, amma ta ji komai.

"Idon dama ya tafi. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Da ta warke ta koma shago. Ta ɗauki allura, zare ya ƙi shiga. Ta nufi dutse da allurar, tsinin ya sauka a gefe. Kafin azahar ɗaya idon ya fara ruwa. Mai shagon ta zare rigar daga cinyarta a hankali.

"Je ki gida ki ƙara hutawa, 'yata."

Dukansu sun san ba hutu ba ne.

Doguwa ta biyo ta har bakin titi tana kuka.

"Wallahi wasa nake, Auta. Wasa kawai."

"Na sani," in ji Auta. Ta tsaya tana juya kanta gaba ɗaya, don ta ga motocin da ke zuwa ta dama.

Jama'a, ba duk abin da muka gani a waya ne abin kwaikwayo ba. In za mu taya mutum murna, mu yi ta da baki da kyauta, kada mu yi wasa da jikinsa.