Ɗalibin Malam Martin

"Ba nan ba! Kai bawan Allah, ba nan ba!"

Malam Martin ya fizge jitar daga hannun ɗalibinsa, karo na huɗu a yammacin nan. Ya ɗora yatsun hagunsa a kan tsirkiya, biyun ƙarshe suna rawa, ya cije leɓe ya danna. Sauti ya fito da ƙyar.

"Ka gani? Ɗan firamare ma ya iya wannan."

Ɗalibin, Mista Emenike, ya gyaɗa kai, ya ciro ɗan littafi daga aljihu, ya yi rubutu.

Wata uku ke nan da mutumin nan ya yi sallama a gidan Malam da ke Samaru, da furfurarsa da jita sabuwa fil da ya sayo a kantunan unguwar PZ. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ya ce shekararsa hamsin da tara, yana so ya iya waƙa ko guda ɗaya kafin ya yi ritaya. Malam ya so ya kore shi, matarsa Susanna ce ta ce haba, ai ba a korar baƙo.

Malam yana da dalilinsa. Shekara talatin da ɗaya yana kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan cocinsu ta Sabon Gari, sai bara hawan jini ya buge shi, ya taɓa masa hannun hagu. Asibiti suka ba shi katin dawowa, ya yaga, ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi ƙwallon roba ya matsa. A coci yakan cusa hannun a aljihu ya ce ya warke sarai. Kwamitin cocin suka ce to madalla, amma idan bikin godiyar kaka ya zo bai iya kaɗawa ba, za a ba wani kujerarsa. Kujerar nan ita ce ran Malam, kowa ya sani.

Shi ya sa tun farko ɗalibin bai kwanta masa ba.

Wane irin ɗalibi ne ba ya kallon tsirkiya, sai hannun malaminsa? Idan zai miƙo jita, ta hagun Malam yake miƙowa. Kofin shayi ma ta hagu, kamar wanda ba a koya wa ladabi a gida ba. Ga shi ba daƙiƙi ba ne, duk abin da aka nuna masa yana kamawa, amma da an zo inda ake dannawa da ƙananan yatsun nan biyu sai ya rikice. Dole sai Malam ya karɓa ya nuna masa, sau biyar, sau goma, har hannu ya ɗau zafi.

Wata Talata Malam ya zaga bayan gida. Yana dawowa ya ji kiɗa daga falo, tsaf, babu tuntuɓe, daidai wurin da suka yi sati uku suna fama. Ya taka ƙofa, kiɗan ya wargaje.

"Malam, wurin nan ya ƙi ni fa," in ji Emenike.

Malam ya karɓi jitar ya sake nuna masa. Amma da ya leƙa ta taga bayan darasi, ya hango shi da Susanna a bakin get suna ƙus-ƙus, yana nuna mata littafin. Ranar Lahadi kuma ya gan shi a harabar coci yana gaisawa da shugaban kwamiti har da dariya. Lallai ma. Wato ɗan leƙen asiri aka turo masa har ɗaka, matarsa kuma ta buɗe ƙofa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ranar Juma'a, saura kwana tara biki, Emenike ya fita amsa waya ya bar littafin a kujera. Malam ya buɗe. Ko baƙi ɗaya na waƙa babu. Kwanan wata ne a jere, kowanne da bayani. "Ƙaramin yatsa ba ya lanƙwasa." "Ya riƙe minti biyu, hannu ya yi rawa." "Minti shida." "Ya ɗauki kofi da hagu, bai zubar ba."

Emenike ya shigo ya tarar da littafin a ƙasa.

"Munafuki!" Malam ya daka masa tsawa. "Rahoto kake kai musu, ko? Zauna! Zauna ka ji abin da za ka kai musu yau."

Ya ɗauko tsohuwar jitarsa da ya rataye tun bara, ya gyara tsirkiyoyin, ya fara waƙar godiyar kaka. Baiti na farko fushi ne ya kaɗa shi. A na biyu gumi ya karyo masa. Ya zo wurin ƙananan yatsu ya wuce bai ma lura ba. Ya kai baiti biyar ɗin har ƙarshe, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

"To, je ka gaya wa kwamitin naka!"

Susanna tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu, hawaye na zuba. Emenike ya sunkuya ya ɗauki littafinsa, ya duba agogo, ya rubuta layi ɗaya, ya rufe.

"Minti goma sha ɗaya. Mama, aikin da kika kira ni ya ƙare," ya ce, sannan ya juyo ga Malam. "Ka yi haƙuri, Malam. Shekara ashirin da shida ina gashin ƙashi a asibiti, ban taɓa samun majiyyacin da sai da na koyi jita kafin in yi masa aiki ba sai kai."